Ɗiyar Tsohuwa

Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha bakwai lokacin da abin nan ya faru, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa kiran sunanta ba. Kada wani ya buɗe baki ya ce mini rashin so ne, don wallahi ba za mu rabu lafiya ba. Haka na taras ana yi a gidanmu can Wamakko. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunan babban yayanmu ba, in tana nemansa sai dai ta ce "kai wanga". Kunyar ɗan fari ke nan. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ki kau da kai, in ana maganarsa ki yi kamar ba da ke ake ba. Tawa kuma ta zo da ƙari, don sunan uwar mijina aka sa mata. Kun ga kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya.

Ana yaye ta tsohuwa, wato uwar mijin nawa, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke zaune a Ƙofar Taramniya, tsakar gida ce kawai ta raba ɗakunanmu. Yarinya ta tashi tana ce wa tsohuwa Inna, ni kuma tana ce mini Adda, kamar wata yayarta. In zan yi mata magana sai in ce "ke". In zancenta ya taso a gaban mutane sai in ce "ɗiyar tsohuwa". Ƙannenta uku kam na goya su, na yi musu rawa, na zage su, na dake su son raina. Ita kuwa daga nesa nake kallonta, ta tagar ɗakin da nake ɗinki.

Ɗinki ne sana'ata, kuma ba yabon kai ba, rabin 'yan matan unguwarmu ni ke ɗinka musu kayan makaranta. Ni a firamare karatuna ya tsaya. Shi ya sa burina a kan yarinyar nan ɗaya ne tak: in ga ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar fita, ta riƙe takardarta a hannu. Babu macen da ta taɓa kaiwa nan a danginmu. Ban taɓa faɗa mata haka ba, ina zan fara? Abin da na iya shi ne duk shekara in ɗinka mata riga da wando da hijabi da hannuna. Ban taɓa sa mata tef ba, da ido nake auna ta in ta gitta ta tsakar gida, kuma ban taɓa kuskure ba. In na gama sai in goge in ajiye a bakin gadon tsohuwa.

A shekararta ta ƙarshe a makaranta ne abin ya soma, kuma daga wando ya soma. Wata Asabar ina kwashe shanya na ɗauko wandonta daga igiya, tun kafin idona ya gani hannuna ya ji. Tela ya san ɗinkinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. An tsuke ƙafafun wandon, an matse rigar a ƙugu, da wani banzan zare mai tsinkewa, ɗinkin ma a karkace. Haushi biyu ya kama ni, na uwa da na tela, kuma ban san wanda ya fi zafi ba. Na ɗauki reza na zauna na warware shi tas, na mayar da kayan yadda na ɗinka su, na ajiye a wurinsu.

Bayan mako guda an sake tsukewa. Na sake warwarewa. Haka muka yi ta yi har yadin ya fara nuna ramukan allura a jere. Babu wadda ta ce wa wata uffan. Da safe ta durƙusa a bakin ƙofata ta ce, "Adda, ina kwana." In ce, "Lahiya lau." Ta wuce. In gaya muku gaskiya, wannan rigimar wandon ita ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da ɗiyata.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa. Wani baƙin hijabi a naɗe a ƙasan jakar littattafanta. Waya wadda babu wanda ya saya mata a gidan nan. Fuskarta ta fara wani irin haske, gaɓoɓin yatsunta kuwa suna nan baƙi ƙirin, don man bilicin da take shafawa ba ya iya yi musu komai. Sai kuma barci. Ta dawo makaranta da rana ta faɗi a gado, la'asar ta wuce ta, sai an yi ta jijjiga ta kafin magariba. In ta tashi maganarta a ja take, kamar harshen ya yi mata nauyi. Kullum da robar lemo a hannunta, tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ran nan ƙaramar ƙanwarta ta ɗauki robar za ta sha, ta kai mata wani mari da sai da na ji shi daga kan keken ɗinki. Da ta shiga wanka na ɗauki robar na shinshina. Ni ba yarinya ba ce, na san warin maganin tari.

Na je na sami tsohuwa, tunda ita ke da ɗiya. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai ba ki son ɗiyag ga, tun tana jinjira ni lura. Karatu na ka gajiyad da ita. In tana tari ba ta shan magani?" Na kira uban a waya. Direban babbar mota ne, yana kai albasa Kudu, sai ya yi mako uku ba mu sa shi a ido ba. Ina jin ƙarar hanya ta wayar ya ce, "Ki hwaɗa ma tsohuwa." Na ce na faɗa mata. Ya ce to ai shi ke nan, ta san abin da za ta yi.

Sai na koma habaici, makamin matsorata. In ta zauna a tsakar gida sai in kama ƙannenta da faɗa, in ɗaga murya yadda za ta ji: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, duk wadda ta biye wa ƙawayen banza za ta ga abin da zai same ta. Yaran su tsaya suna kallona, su da ba su yi komai ba. Ita kuwa ta ciro igiyar wayarta ta toshe kunnuwa.

Malamar ajinsu tana kawo mini ɗinki. Kirista ce 'yar Filato, amma ta daɗe a Sakkwato har 'ya'yanta sun fi ni iya Sakkwatanci. Wata rana ta zo da atamfa, ina auna ta ta ce in rufe ƙofa. Ta ce su biyar ne har da ɗiyata, kansu a haɗe yake. In an fita hutun ƙarfe tara ba sa komawa aji. A bayan makaranta suke ɗora baƙin hijabi a kan kayan makaranta, su hau keke napep zuwa wani gida a bayan Sama Road, gidan su ɗaya daga cikinsu, wadda uwarta ke yawan tafiya fatauci. Can suke yini suna rawa suna ɗaukar kansu a waya, suna zuba maganin tari a lemo. Ta ce ta yi musu nasiha, ta yi horo, ta gaji.

"Maman yara," ta ce, "ɗiyarki tana da ƙwaƙwalwa, ita ce ta fi ba ni tausayi a cikinsu. Ki zaunar da ita ki yi mata magana, ke da ita."

Na ce, "Malama, mu ba mu yin haka da ɗan hwari."

Ta ce, "Na sani, ba yau na zo garin nan ba. To wa zai yi?"

Na ci gaba da awona. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ɓata awon mutum, rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Wata Alhamis tsohuwa ta tafi suna, na bar keke na tsallaka tsakar gida na tsaya a ƙofar ɗakinta. Yarinyar tana kwance. Da ta gan ni ta tashi zaune ta gyara ɗankwalinta, ta zuba mini ido. Wallahi jira take yi. Na ga haka a fuskarta ƙarara, tana jira in zage ta, in tambaye ta, in yi wani abu. Na buɗe baki, maganar da na kwana uku ina shiryawa ta gudu. Abin da ya fito shi ne, "Ke, kin ga almakashina?" Ta ce ba ta gani ba. Ta koma ta kwanta ta juya fuskarta bango. Almakashin kuwa yana cikin aljihun rigata.

Saura wata uku jarrabawa aka kama su, su biyar ɗin, da robobinsu a bayan ajujuwa. Aka aiko da takarda iyaye su zo. Uban yana Kudu. Tsohuwa ta ce ita za ta je, ni kuma in bi ta in riƙe mata hannu saboda ciwon gwiwa. A haka na shiga makarantar ɗiyata karon farko, a matsayin 'yar rakiya.

Ofishin shugabar makaranta ya cika. 'Yan matan biyar suna durƙushe a tsakiya, iyaye mata a kan benci, malamar ajin a tsaye jikin taga. Shugabar ta ce hukuncin laifin nan kora ne, ba wata-wata. Amma saboda jarrabawa ta matso, duk yarinyar da mahaifiyarta ta tashi ta ce ta ɗauki nauyinta, ta sa hannu a takarda, za a bar ta ta zauna. Aka fara kira ɗaya bayan ɗaya. Wata uwar ta cire takalmi ta rufe tata da duka sai da aka riƙe ta. Wata kuma, uwar yarinyar nan ta gidan bayan Sama Road, ta tashi ta wanke ɗiyarta da mari, sannan ta durƙusa ta rungume ta suna kuka tare, tana ta kiran sunanta, tana cewa me na rage ki da shi, me na rage ki da shi. Ni dai na sunkuyar da kai, don a wurinmu wannan abin kunya ne.

Aka zo kan tamu. Shugabar ta ce, "Ina mahaifiyar wannan?"

Malama ta juyo ta dube ni. Tsohuwa tana gefena, kafaɗarta na taɓa tawa. Na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ba sai an gaya mini ba. Kalma biyu kawai ake nema a wurina, ni ce. Amma bakin da ya shekara goma sha bakwai yana faɗin abu ɗaya bai jira ni ba. Na ji muryata tana cewa, "Ai wagga ba tawa ba ta, ɗiyat tsohuwa ta."

Ba tawa ba ce. Haka na faɗa a gaban mutum ya fi goma sha biyar, ita kuma tana durƙushe taku uku daga ƙafata. Abin takaicin, babu wanda ya ga laifina. Wasu matan har gyaɗa kai suka yi, na ji wata a bayana tana cewa Allah sarki, mai kunya. Shugabar ma Basakkwaciya ce, ta gane, ta tura wa tsohuwa tawada ta dangwala yatsa. Aka ce an bar yarinya ta zauna jarrabawa. Na yi hamdala a zuciyata, ni a haukata mun ci nasara. Sau ɗaya ta ɗago kai ta dube ni, sannan ta mayar da idonta ƙasa.

Da muka koma gida na zauna kan keke, sai ga ta a bakin ƙofa. Ba ta taɓa shigowa ɗakin ɗinkina ba sai an aiko ta. Ko hijabin makaranta ba ta cire ba.

"Adda, kin ga yadda uwar ƙawata ta mare ta gaban kowa?"

Na ce, "Na gani."

"Ni ko mari ban samu ba."

Sai na fake da faɗa, na ce, "Ke, ba ki san al'ada ba? Yau aka hwara?"

Ta ce, "Na sani, Adda. Na dai aza yau kam kina mancewa da ita."

Ta ɗan tsaya ko zan ce wani abu. Kun san abin da na yi? Na taka keke. Na ci gaba da kalmasa hijabin ɗiyar wasu, ƙarar keken ta cika ɗakin, ta juya ta fita. Allah wadaran wannan ƙafa tawa, har yau in na tuna sai in ji kamar in sare ta.

Ranar Litinin ta sa kayan makaranta ta fita, amma ba ta isa aji ba. Talata ma haka. Malama ta riƙa aiko mini da saƙo, ni kuma in kai wa tsohuwa, tsohuwa ta yi kuka ta ce an yi wa takwararta asiri, ta aika a karɓo rubutu. Yarinya ta sha rubutu da safe, ta sha maganin tari da rana. Wandon kuwa na same shi a tsuke a kan igiya, na riƙe shi na daɗe, ban iya ɗaukar reza ba. Wata ranar Laraba da azahar wasu mata biyu da ban sani ba suka kawo ta a keke napep, ba ta iya tsayuwa, hijabinta duk amai. A bakin titi suka tsince ta. Tsohuwa ce ta wanke ta, ni na ɗebo ruwa na ajiye a bakin ƙofa.

Uban ya dawo ya ji komai. Bai dake ta ba, ya dai yanke hukunci: a kai ta Wamakko wurin ƙanwarsa, goggonta ke nan, inda babu ƙawaye babu Sama Road, sai gonakin shinkafa. Saura mako shida jarrabawa. Malama, Allah ya saka mata, ta zo har gida ta durƙusa wa mijina, ta ce a bar yarinya ko a gidanta ne ta zauna, ita za ta riƙa tafiya da ita tana dawowa da ita har a gama. Na ga alamar ya fara saukowa. Sai ya juyo gare ni, a gaban tsohuwa, ya ce, "Ke mi kinka gani?" Tun da na haife ta bai taɓa tambayata komai a kanta ba sai ranar. Malama ta kafe ni da ido. Na ce, "Duk yadda kunka yi daidai na." Washegari aka tafi da ita, ta bar kayan makarantar a ninke a bakin gadon tsohuwa, daidai inda nake ajiye mata su.

Makonnin nan shida ban san yadda na yi su ba. Na ji haushin tsohuwa, na ji haushin uban, na ji haushin mai gidan bayan Sama Road da duk mai kantin da ke miƙa wa 'yan mata kwalba bai tambaye su komai ba. In na gama zagaye sai haushin ya dawo kaina ya zauna. Na fara wani abu kamar mai taɓin hankali. In na taka keke, ƙara ta tashi, sai in faɗi sunanta a hankali, yadda ko ni da ƙyar nake ji. Ran farko sai da na waiga ko tsohuwa na bayana. Sunan gaɓa uku ne kacal, amma bakina bai san hanyarsa ba, sai da na yi ta maimaitawa kamar mai koyon karatu.

Ranar da aka fara jarrabawa ina zaune da safe na ga 'yan matan unguwa suna wucewa ta bakin taga, fes da su, da yawansu cikin kayan da na ɗinka. Na rufe keke, na yafa mayafi, na ce wa tsohuwa zan je kasuwa sayen zare. Na nufi tasha na shiga motar Wamakko.

Na taras matan gidan goggonta suna turara shinkafa, tukwane a kan wuta, hayaƙi ko'ina. Ita tana can gefe ta ba ni baya, tana baza shinkafa a kan tabarma da hannu. Ta rame, fatar wuyanta ta fara komawa kalarta ta asali, dabbare-dabbare. Ban tsaya gaisawa da kowa ba, don na san in na tsaya shi ke nan. Na cika ƙirji da iska na kira sunanta. Da ƙarfi ya fito, wata irin murya kamar ba tawa ba.

Ta juyo da sauri. Ta dubi ƙofar zaure a bayana, ta dubi wajen murhu, ta dubi ɗakin goggonta. Sai daga baya idonta ya sauka a kaina. Ta durƙusa ta ce, "Adda, sannu da zuwa. Wa ka kirana?"

Ba rainin hankali ba ne, ba kuma ramuwa ba. Da gaske take tambaya. Ta san sunanta a bakin kowa a duniyar nan, ba ta san shi a bakina ba.

Matan sun tsaya cak da marar kwasar shinkafa a hannu, duk suna kallona, dangin mijina ne kaf ɗinsu. Na ce, "Hala goggonki ta."

Goggon, da ta fito bakin ɗakinta, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta rufa mini asiri yadda aka saba. Ta ce, "Awo, ni ta. Tashi ki kawo ma Addarki ruwa."

A daidai lokacin 'yan ajinsu suna kan takardar farko. Ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwan randa a kofi, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na sha, na ce mata, "Ke, an gode."